Mai Kwalabe da Kofin Madarar Akuya

Kafin kowa ya iso ɗakin gwaji, Mai Kwalabe ta riga ta ɗaure gyale a ƙugu. Tana tsamo kwalaben da suka jiƙa cikin ruwan asid, ta ɗauraye kowace sau uku, ta kife su a jere. Idan wani dakta ya taɓa bakin kwalba da yatsa, sai ta ce, "Dakta, gumin hannunka muka zo aunawa?" ta mayar da ita cikin asid. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Sunanta bai taɓa hawa kan takardar bincike ba. Nawa ya hau sau sittin da 'yan kai, amma ni ce ke kishinta.

Akwai wani fili a bayan tsohuwar masana'antar narka batir. Ƙasarsa ta sha gubar dalma har rijiyoyin unguwar suka ɗauka. Muka kewaye shi da waya, muka shuka wata ciyawa mai zuƙo ƙarfe daga ƙasa ta tara a ganyenta. Kowace Talata Mai Kwalabe ke zuwa ɗebo ƙasa da ruwa. Mu a mota muke zuwa, mu leƙa, mu juya. Ita kuwa takawa take yi, ta gaida wannan, ta tambayi jikin wancan.

Bayan damina uku, dalmar ƙasar ta ragu ƙwarai. Littattafai sun ce in lamba ta sauka, an yi nasara. Na daɗe da sanin littafi ba ya faɗin komai sai abin da mai shi ya tuna ya auna, amma ranar na manta, don lambar tawa ce. Na kammala rahoto, har an sa ranar taro.

Sai ga Mai Kwalabe a ofishina. "Farfesa, dalmar da ta bar ƙasa, ina ta nufa?"

"Cikin ciyawa mana, yaya."

"To ita ciyawar fa?"

"Ƙarshen damina muke yankewa, mu kai ma'ajiyar shara mai guba."

"Wadda kuka tarar kuke yankewa dai," in ji ta.

Na ce ta koma kan kwalabenta. Allah ya yafe mini.

Talatar da ta biyo baya, ta dire kofi a kan rahoton nawa. "Madarar akuya ce. Matan unguwar suna yankar ciyawarki ta inda waya ta yage, suna ba awakinsu. Sun ce ba su taɓa ganin mai kyanta ba. Wannan 'ya'yansu ke sha kullum da safe. Tunda an yi nasara, bismillah."

Ban sha ba. Na auna, na sake aunawa, na janye rahoton.

Aka gyara shinge, likitoci suka duba jinin yaran, aka soma yi wa bakwai magani tun kafin gubar ta yi nisa. Da mu muka je hana matan nan ciyawa, da kallo za su bi mu. Ita ta bi su gida-gida, kuma ta matsa har aka riƙa kai musu ciyawa mai tsabta daga harabar cibiyar bincikenmu.

Mai Kwalabe, ke ce mai tambayar da digirina uku suka kasa yi mini. Ke ce kika ga akuya a inda muke ganin lamba. Na so a ce ni na gani, kuma har gobe abin yana ci mini rai.

Makon jiya na raka ta unguwar don sallama. Mata suka yanyame ta, wata ta nuna ni da baki: "Inna, wannan fa?" Na sunkuyar da kai, ina jiran ta ce ga wadda ta shuka ciyawar. Sai ta ce, "Ita ce ta auna madarar." Har wannan halin ma na yi kishinsa.

Mun gode, yaya. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Ku kuma masu tasowa, in lamba ta sauka, ku sauka daga mota ku bi sawunta. Kofin yana nan a kan teburina. Sai da ta ɗauraye shi sau uku kafin ta bar mini.