Lambun Da Ba Ya Fure

A ƙauyenmu da ke gabas da Datong, idan ka ga lambun hwanghwa ya yi ruwan ɗorawa da furanni, kada ka yaba. Mai shi ko malalaci ne ko yana kwance. Tohon furen ake ci, dogo kamar yatsa, kuma dole a tsinke shi da safe yana rufe. In aka bar shi ya kai la'asar sakaliya zai buɗe baki, daga nan kuwa ya tashi daga kayan miya, ya koma abin kallon baƙi.

Dou Gui Lan tana 'yar shekara ashirin aka kawo ta gidan miji, washegari surukarta ta ja ta bayan ɗaki, ta nuna mata layi bakwai na hwanghwa, ta ce ga aikinta nan. Surukar ta rasu, mijin ma ya bi ta, ɗanta guda Baoshan ya tafi birni ya yi aure, ita kuwa tana nan da layukanta. Shekara hamsin da uku ba wanda ya taɓa ganin fure a lambun. Takan turara tohon ta shanya a tabarma, ta aika wa dangi har wasu larduna. Ga iya aiki, ga taurin kai, ga baki, kuma bakin ne ya jawo mata.

A bikin sabuwar shekara Baoshan ya matsa mata ta koma wurinsu, can birni, a bene hawa na sha tara. Ta buga tebur, a gaban maƙwabcinta tsoho Geng, ta ce, "Ranar da ka ga fure ɗaya ya buɗe a lambuna, ɗaure ni ka jefa a motarka!"

"Da bakinki kika faɗa, Mama," in ji Baoshan. "Kawu Geng shaida."

Da bazara yanar ido ta fara rufe mata gani. Kafin lokacin tsinka ya zo, mutum ya koma mata inuwa, lambu ya zama kore guda ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta san in aka kai ta asibitin birni ba za a dawo da ita ba. Sai ta koma tsinka da lalube. Yatsunta sun san tohon da ya isa: ya cika, kansa ya ɗan yi laushi, ka karya shi ya ce ƙas. Amma hannu abin da ya taɓa kawai ya sani. Karan da ya karkata gefe sai ta wuce shi, da yamma ƙamshi ya tona mata asiri, ta bi hanci ta cire kafin wani ya leƙo.

Ranar da Baoshan ya yi waya zai zo, ta bi layukan sau uku tun asuba, raɓa ta jiƙa ta sharkaf. Tana zagaye na uku tsoho Geng ya ɗora haɓa a kan katanga.

"Uwar Baoshan, zinare kika yar ne? Tun ɗazu kike shafa karan nan kamar mai neman ƙwarƙwata."

"Kai ka ji da kabejinka da tsutsa ta cinye."

"In shigo in duba miki? Minti biyar ne."

Ta so ta ce e. Wallahi ta so. Amma Geng bakinsa ba ya riƙe ko ruwa, kafin rana ta take duk ƙauye ya ji. Ta ce, "Ranar da na bar ka ka taɓa min lambu, a je a haƙa min kabari."

Dabararta ɗaya ce: ta ciyar da yaron da wuri, ta sallame shi kafin ƙarfe uku. Da ta ji motarsa ta tsaya, ta riga ta zare ƙurar cikin ɗanyen tohon, ta tsoma shi a tafasasshen ruwa, ta jiƙa a ruwan sanyi, don ɗanyen hwanghwa in aka yi masa gaggawa yana murɗa ciki. Busasshen kuma ta ƙulla kowane ɗaya a tsakiya don kada ya watse, ta zuba a romon kaza. Komai na ɗakin girkin yana inda hannunta ya san shi.

Baoshan ya shigo da ledoji, ya jibge su a kan tebur, ya ture kwalbar gishiri gefe. Ta ji ƙarar. Ta kai hannu inda gishirin yake zama, babu.

"Miƙo min gishiri, kana tsaye kamar baƙo."

Ya miƙa. Ta bi ƙarar murfin ta cafke. Sai ya ciro waya. "Mama, ga hoton jikarki, duba yadda ta yi tsawo."

"Ajiye, hannuna duk mai ne."

Ta soya tohon da ƙwai da tafarnuwa, ta yanka taliya a ruwan zafi, ta juye romon a kai. Ya ci kwano biyu, ya ce a birni ko an sayo ba ya yin wannan zaƙin. Ita ko loma uku ba ta yi ba.

"To, ka kama hanya, kada cunkoso ya tare ka."

"Korata kike yi? Yau ba aiki. Famfon nan ɗiga yake yi, bari in gyara."

"Bar shi, na saba da kukansa."

Bai bari ba. Ya gama da famfo ya koma kan ƙofar da ke ƙara. Tana zaune a bakin gadon bulo, tana auna lokaci da zafin ranar da ke shigowa ta taga. Zafin ya bar cinyarta, ya sauka gwiwa, ya bar gwiwar. Sau biyu ta ƙara yi masa zancen cunkoso, ya yi dariya ya ce ko tana da baƙo ne da ba ta so ya gani. Tsoro ne fal cikinta, ga haushin kanta, ga kunya.

Sai iska ta shigo da shi: ƙamshi mai sanyi kamar na ɓawon lemo. Ba fure ɗaya ne ya buɗe ba, hancinta ya gaya mata haka. Ta ji Baoshan ya daina buga guduma.

"Bari in sha taba a waje," ya ce.

Ta saurari takunsa. Bai yi ƙofar gida ba, bayan ɗaki ya yi. Can ta ji ƙas. Ta sake jin ƙas. Yana yi a hankali, irin na wanda ba ya so a ji. Ta ƙirga har sha ɗaya ta daina, shi kuwa bai daina ba.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara murya. "Kai, Mama, ba dama. Na duba layi bakwai ɗin nan kaf, babu ko ɗaya."

Daga inda take zaune tana jin ƙamshin yana fitowa daga aljihun rigarsa. Ya ba ta hanya, in ta so ta bi. Abin da ya rage mata kawai ta yi dariya ta ce ai ta gaya masa, ya shiga mota ya tafi, ta ƙara shekara a gidanta. Ta buɗe baki za ta faɗi hakan, muryarsa ta hana ta. Rawa take yi, kuma rabon da ta ji ta haka tun ranar jana'izar ubansa.

"Zazzage aljihun," ta ce. "Ubanka ma bai iya ƙarya ba."

Ya zazzage furannin a kan tebur.

"Tun da ka shigo ban ga fuskarka ba, Baoshan. Ban sani ba ko ka rame ko ka yi ƙiba."

"Mama, likita zai iya cire yanar. In an gama sai in dawo da ke."

"Haka 'ya'yan kowa suke cewa." Ta share ido da bayan hannu. "Je ka ɗauko shebur a rumfa. Layin da ke jikin katanga, na kakarka ne, haƙo min gindi biyu da saiwarsu da ƙasarsu."

"A hawa na sha tara? Ko rana ba ta shiga barandar. Ba zai yi ba."

"Na sani," ta ce. "Haƙo dai."