Jirgin Dawuda a Rana

A ƙasar Kusada, in aka ce Dawuda mai jirgi, kowa ya san wa ake nufi. Shekara talatin yana kamun kifi a dam ɗin bayan ƙauyensu, da damina ya taɓa noman gero. Ba ya da yawan magana, amma in ransa ya ɓaci har kunnensa rawa yake. Kwale-kwalensa na maɗaci ne, mahaifinsa ya sa aka sassaƙa, kuma da shi ya aurar da 'ya'ya huɗu.

Duk bazara, idan Sarkin Ruwa ya hana kamun kifi don kifi ya hayayyafa, Dawuda yakan cika jirgin da duwatsu ya nutsar da shi kusa da gaɓa. Haka masunta ke yi, domin itacen da ya saba da ruwa, rana tsaga shi take.

Bana aka ba wani ɗan kwangila aikin kwashe matattun jirage daga dam ɗin. Ranar da Dawuda ya tafi ta'aziyya Kankia, ma'aikata suka sa igiya suka jawo nasa kan tudu, suka shafa masa jan fenti, alamar matacce ne.

Ya dawo ya tarar da shi kife a rana. Ya nufi mai kula da aikin, wani saurayi Zahradeen, da ke zaune a inuwa.

"Kai yaro, wa ya ce maka wanga jirgi matacce ne?"

"Baba, a ƙasan ruwa muka same shi."

"Ni na sa shi! Duwatsun da kuka zubar, kifi ya loda su?"

"Ka yi haƙuri. An riga an sa fenti. Sai oga ya zo daga Katsina ya ɗauki hoto, sannan a ga yadda za a yi."

"Yaushe zai zo?"

"Yana hanya."

Kwana shida oga na hanya. Dawuda ya je wurin mai gari, aka ce aikin ba nasu ba ne. Ya dawo ya kama ɗibar ruwa da bokiti, shi da matarsa Zinariya, suna kwara wa jirgin tun hantsi har la'asar. Ya rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, mai gadin ma'aikatan ya kwashe, wai za su goge fenti. A kwana na biyar, da azahar, itacen ya yi ƙara kamar an karya rake. Tsaga ta kama daga goshi har tsakiya.

Oga ya sauko daga mota washegari, ya zura yatsu uku cikin tsagar.

"Haba dattijo, a kan wannan kake ta faɗa? Ai ko makaho ya san ya gama aiki."

Dawuda ya ɗaga bokitin da ke hannunsa, Zinariya ta riƙe masa hannu. Ruwan ya zube a ƙafar Dawuda. Aka ɗauki hoto, aka kira masu gatari.

Yanzu daga gaɓa yake jefa ƙugiya, ruwa iya gwiwa. In Zahradeen ya wuce ya gaishe shi, ba ya amsawa.