Tukunyar da Baƙi Suka Suɗe

Ni ba mai yawan magana ba ce. A unguwarmu Nasarawa duk wanda ya san ni ya san ko a kan yara ba na ɗaga murya. Karatuna ma na yaƙi da jahilci ne, a ajin yamma na cocinmu na koye shi bayan na gama haihuwa. Amma akwai abin da ya daɗe tsaye a wuyana, kuma tunda hannuna ya iya riƙe biro, gara in sauke shi a takarda.

Baban yarana ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, a sashen da ake buga wa atamfa launi. Lokacin da aka kawo ni garin nan ina amarya, jiniyar masaƙa ce agogonmu. Da ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, masu tashi suna fita, masu kama aiki suna shiga. Yakan dawo gida da shuɗi ko ja a ƙarƙashin farce, ko wane sabulu ka sa ba ya fita. Daga baya abu ya fara lalacewa a hankali. Yau babu wuta, gobe babu man injin, jibi kasuwa ta cika da atamfar waje mai araha wadda aka kwaikwayi zanenmu sak. Wata safiya jiniya ba ta yi kuka ba, kuma ba ta sake yi ba.

Baban yara ya koma noma a wani fili da ya samu aro a Kakau, ni kuma na kama sayar da gawayi a ƙofar gida. Mun sha wuya, ban ɓoye ba. Amma ina so mai karatu ya riƙe wannan: ba a taɓa kwana da yunwa a gidana ba.

Ana nan sai wani malamin makaranta ɗan Mahuta ya zo mana da labari. Wai wasu Turawa sun zo yin fim a kan bashin da ake bin ƙasashe irin tamu, da yadda kayan waje suka kashe masana'antu, kuma suna neman tsohon ma'aikacin masaƙa da zai ba su labari. Shi malamin ne tafintansu. Ya ce duniya duka za ta gani.

Na daɗe ban ga baban yara cikin farin ciki irin na ranar ba.

"Maman yara," ya ce, "kin ga abin Allah? Yau ga wanda ya zo ya tambaye mu."

Mu a wurinmu, in baƙo zai zo, akwai abin da ake yi, ba sai an koya wa mutum ba. Na share tsakar gida na yayyafa ruwa. Na aro kujerun roba a coci. Na yanka kazata mai jan gashi wadda nake ajiye wa Kirsimeti, na ɗora dafa-duka a babbar tukunyar da ba na saukowa da ita sai biki. Shi kuma ya buɗe akwati ya ciro rigarsa ta atamfar ƙarshe da sashensu ya buga, mai ganye kore a kan ruwan ƙwai. Ni ma na ɗaura zanena na irinta.

Tsohon abokin aikinsa, wani Malam ɗan Makera da ya koma sayar da shayi, ya iso tun kafin baƙin. Da ya ga maigida cikin rigar sai ya riƙe baki.

"Kai, Mai Launi! Aure za ka ƙara ne ba mu sani ba?"

"Fasto zai kore ni. Ku ne masu lasisi."

"To ka gaya wa Baturen ya ɗauki mai kyau a cikinmu, kada ka fasa musu gilashi."

Baƙin suka zo: wata Baturiya mai gajeren gashi, ita ce shugabarsu, da wani dogon Bature mai kyamara, sai tafinta. Baturiyar ta dubi tsakar gida, ta dubi kujeru, ta dubi rigar maigida, sai na ga fuskarta ta ɗan sauya. Ta yi wa tafinta magana ƙasa-ƙasa. Ya sosa ƙeya.

"Mama, wai ta ce gidan ya yi tsaf da yawa. Tana so ta gan ku yadda kuke kullum."

Na ce, "Ai haka muke kullum in mun yi baƙi."

Ban san ko ya fassara mata ba. Murmushi kawai ta yi, aka kafa kyamara.

Baban yara ya yi magana tun hantsi har rana ta take. Ya faɗi yadda manyan motoci ke shigowa da auduga daga arewa, yadda ake haɗa launi, yadda ƙarar inji ta sa suka koyi magana da hannu. Ya faɗi abokansa da suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Ya yi fushi, ya nuna yatsa, ya kuma yi dariya har da tafa cinya lokacin da Malam ya tuna masa ranar da ya faɗa cikin kwatamin shuɗi ya yi mako kamar aljani. Ina bakin murhu ina ji, ina jin daɗi a raina. Na ce yau dai mutumin nan ya amayar da abin da ke cinsa.

Sannan na kawo abinci. Kafin ya sa hannu, maigida ya tuɓe rigar ya ninke, kamar yadda ya saba don kada mai ya ɓata ta, ya rage daga shi sai tsohuwar singileti mai huji a kafaɗa. Kowa ya ci. Dogon Baturen ya yi ƙari, ya sake ƙari, har ya karɓi cokali ya kankare ƙanzo, yana ta maimaita Hausar da ya koya a ranar: "Da daɗi, da daɗi." Wallahi na ji daɗi. Babu abin da mace take so kamar a cinye girkinta.

Bayan an gama na jingine tukunyar kusa da murhu kafin in samu ruwan wanke ta. Maigida ya koma jikin bango ya zauna a ƙasa inda akwai inuwa, ƙoshi ya sa idonsa yana lumshewa. Ina juyowa sai na ga mai kyamara ya durƙusa a gaban tukunyata, ƙudaje suna bin bakinta. Kunya ta kama ni. Na taho da sauri zan ɗauke.

"Bar shi, Mama," in ji tafinta. "Haske yake gwadawa."

Na bar shi. Ba a jayayya da baƙo a gidanka. Daga tukunya ya juya kan maigida, ya daɗe a kansa. Na so in tashe shi ya mayar da riga, amma Baturiyar ta ɗora yatsa a leɓe tana mini murmushi, sai na bar shi haka.

Suka tafi da alkawarin za su aiko mana. Damina ta wuce, wata ta zo. Duk lokacin da maigida ya haɗu da tafinta sai ya tambaya, "Malam, fim ɗinmu fa?" Har ciwo ya kwantar da shi, har Ubangiji ya kira shi, bai gani ba.

Abin da muke da shi nasa hoton aure ne da katin masaƙa. Babu inda muryarsa take, babu inda yake motsi, sai a cikin fim ɗin nan. Shi ya sa ranar da babbar 'yata, wadda ke aure a Abuja, ta kira ni ta ce ta samo shi a intanet, sai da na zauna a ƙasa. Tana da cikin fari a lokacin. Ta ce, "Mama, ɗana zai ji muryar kakansa."

Ta zo ranar Lahadi. Bayan an tashi coci muka tayar da janareta, ta haɗa wayarta da talabijin. Matan zumuntar cocinmu suka cika ɗaki, Malam mai shayi ya rufe teburinsa ya zo ya zauna a bakin ƙofa.

Fim ɗin da Turanci yake, 'yata tana fassara mana. An fara da jiragen ruwa maƙare da kaya, da manya masu kwat suna sa hannu a takardu. An nuna manoma a wata ƙasa suna zubar da amfanin gonarsu saboda na waje ya fi araha. An ce masu ba da bashi ba sa bayarwa sai da sharaɗi: gwamnati ta janye hannu daga masana'antu, ta buɗe iyaka, ta bar kuɗinta ya faɗi. A nan ban ce sun yi ƙarya ba. Na ma ƙaru. Sai ranar na gane ashe jiniyarmu ba ita kaɗai ta yi shiru ba, kuma tun daga nesa aka shaƙe ta.

Sai ga Kakuri, ga ƙofar masaƙa ciyawa ta cinye. Mata suka fara "Ga shi nan, ga shi nan!" Aka nuno baban yara cikin rigarsa mai ganye, bakinsa yana motsi, amma wani kiɗa mai sa kuka ne ke tashi a maimakon muryarsa. Kafin in gyara zama an ɗauke shi. Sai tukunyata ta cika talabijin, a jingine, babu komai a ciki, ƙuda yana yawo a bakinta. Daga nan sai shi, a ƙasa jikin bango, cikin singileti mai huji, ido a rufe. Muryar wani Bature da ban taɓa gani ba tana magana a kansa a hankali, kamar mai ta'aziyya.

'Yata ta daina fassara.

"Me ya ce?"

"Mama, bari kawai."

"Na ce me ya ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Wai a gidan nan tukunya takan yi kwanaki ba a ɗora ta ba. Wai shi kuma Baba ba shi da sauran abin cewa."

Malam ya miƙe tsaye har hularsa ta faɗi.

"La'ilaha illallahu! Tukunyar da na ci a ciki? Wancan dogon ai har ƙanzo ya kankare, ina kallonsa! Mai Launi kuma ba shi da abin cewa? Mutumin da ya hana ni sallar azahar a kan lokaci saboda surutu?"

Wasu suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take. Ni ban yi kuka ba. Kazata na tuna. Kazata ta Kirsimeti. Sun ci, sun ƙoshi, sun wanke hannu da ruwan da na zuba musu, sannan suka nuna wa duniya cewa ni ba na iya ciyar da mijina.

Washegari na hau keke napep har Mahuta. Tafinta ya rantse shi ma sai a intanet ya gani. Na ce ba faɗa na zo yi ba, maganar mijina nake so, wadda ya yi tun hantsi, su turo mana ita ko ba a gyara ba. Ya tura musu saƙo a gabana. Da amsa ta zo ya kasa kallon idona. Wai suna baƙin cikin rasuwarsa ƙwarai, wai fim ɗin ya samu yabo a wurare da yawa, amma sauran abin da aka ɗauka mallakar kamfani ne, ba a fitar da shi.

Mallakar kamfani. Muryar mutumin da na zauna da shi tun ina yarinya.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. A cikin fim ɗin nan su da bakinsu suka ce laifin da ake yi wa ƙasashenmu shi ne a kwashi ɗanyen kaya a tafi da shi, a sarrafa a can, a dawo mana da shi yadda aka ga dama. To su me suka yi? Sun zo sun kwashi fuskarmu da maganarmu ɗanye, sun kai can sun yanka sun ɗinka, sun dawo mana da abin da ba mu gane ba. Da mijina ya fito da rigarsa yana nuna yatsa, da sai a ga mutum mai fushi wanda ya san an cuce shi. Mai fushi ba ya ba da tausayi. Su kuma tausayi suka zo saye.

'Yata ta ce za ta goge shi daga wayarta. "Ba zan nuna wa ɗana wannan ba, Mama. Ba Babana ba ne."

Na ce Babanki ne, hujin singiletin nan ni na yi ta cewa zan ɗinke. In kin goge, ina yaron zai ga yadda yake ɗaga gira? Ki bar shi. Muryar Baturen nan ce kawai ba ma so.

Yanzu jikana ya yi wayo. In sun zo hutu, uwarsa takan kunna wurin, ta kashe sautin gaba ɗaya, ni in zauna kusa da talabijin in yi bayani. Wannan tukunyar biki ce, ga ta can a kicin, a cikinta aka dafa shinkafar sunanka. Babu komai a ciki domin baƙi sun cinye. Wannan kakanka ne, ya ƙoshi ne yake gyangyaɗi. Wannan rigar kuma shi ya buga launinta da hannunsa.

Idan aka zo inda bakinsa ke motsi, yaron yakan sa yatsa a gilashin ya ce, "Kaka, me yake cewa?"

Ranar ina bakin murhu, rabin hankalina yana kan shinkafa kada ta kama. Abin da na tuna nake gaya masa. Sauran yana can ƙasarsu.