Tayar Injin Sussuka da Ƙafar Malam

Ina yi muku sallama, ku masu mujalla da duk wanda za a karanta wa wannan. Ni ban yi boko ba, matar ɗana ce ke riƙe da biro ina faɗa tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara min magana. Abin ya faru ne a kakar shekarar da na aurar da autata, bayan daminar da ruwa ya cinye hanyar bayan garinmu, lokacin wayar hannu ba ta gama shigowa ƙauye ba, mai ita ma sai ya hau dutse yake samun magana. A wancan zamani ni ce matar mai injin sussuka a wani gari cikin ƙasar Roni, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da wannan suna. In na shiga gidan biki sabuwar tabarma ake shimfiɗa min. A wannan kakar ce maigidana, Malam, ya kusa rabuwa da ƙafarsa ta dama.

Injin a kan tayoyi biyu yake, ana ɗaura shi a bayan a-kori-kurar ƙanin Malam a ja shi gari-gari, duk inda aka tara dammunan gero. Malam yana son injin nan so na ban mamaki. Ya goge shi da tsumma, ya duba baƙin mai, ya taɓa bel ya ji ko ya saki, ya lulluɓe shi da tamfol, har nakan ce masa ko ni ranar da aka kawo ni gidansa ban samu wannan lele ba. Sai ya yi murmushi ya ce ai ni ba na tsatsa. To amma tamfol ɗin ba ya kaiwa ƙasa. Tun daga ƙarshen sussuka har wata kakar injin na tsaye a gefen rumbu, tayoyin nan rana ta gasa su, ruwa ya jiƙa su, ga awakina da nake ɗaurewa a jikinsu. Ba wanda ya damu, don zanen tayoyin na nan raɗau kamar sababbi, tunda ba wata doguwar tafiya suke yi ba.

Akwai tayar safaya guda da ke rataye a jikin injin. Da bazarar shekarar gugar rijiyarmu ta yage, Malam ya gan ni ina ta fama ruwa na tsiyayewa kafin guga ta iso baki. Sai ya nufi wurin injin. Ya sauke safayar nan, ya zare tiyub ɗin cikinta, ya kai wa mai ɗinkin guga ran kasuwa, ya dawo min da gugar da ba irinta a unguwa. Ya ce in ya shiga Kazaure zai sayo wani tiyub ya mayar. Ya shiga Kazaure ya fi a ƙirga, bai tuna ba, ni ma ban tuna masa ba. Safayar ta koma mazauninta ciki fayau, mai gani daga nesa sai ya ce lafiyarta ƙalau.

Shi kuwa ƙanin Malam, kun san yadda ake tsakanin mace da ƙanin miji. Tun ina amarya yana yaro muke tsokanar juna, ba mu taɓa yin magana uku a jere ba tare da zolaya ta shiga ba. Amma a gaban yayansa wani mutum ne daban. Malam ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya yi masa aure, ya taimaka masa ya sami motar. Da furfurarsa a gemu, durƙusawa yake ya gaishe shi, kuma ban taɓa jin ya ce masa a'a ba, ko da kuwa a kan gishirin miya ne.

Wannan shekara Inna, mahaifiyata, ta samu gero mai kyau a ƙauyenmu can wajen Gwiwa, sai Malam ya ce da surukarsa injin zai fara kafin kowa. Wa ya ga farin cikina! Na yi kitso, na yi lalle, na ce da ni za a je, garinmu su gani da idonsu. Da hantsi ƙanin ya zo ɗaura inji. Ina daga madafa na ga ya zagaya shi, ya tsuguna gaban tayar hagu ya daɗe yana bin gefenta da babban yatsa, sannan ya tashi ya danna safayar ta lotsa. Ya dubi inda Malam yake yana ɗaure jarkar mai, bai je can ba, sai ya nufo ni. Ya ce wai tsohuwar matarsa, ni ke nan, tayar nan ta fi dunduniyata faso, kuma tunda hanjin safaya na cikin rijiya, in ta fashe a hanya ni zai sa a gurbinta, ai na yi zagayen da ya isa. Na ce masa rago, matsoraci, wanda in matarsa ta yi tari yake neman takalmi, in hanyar ce ta fi ƙarfinsa ya ba ni makulli in ja. Na yi ta dariya. Sai ya sake cewa in dai gaya wa Yaya, tayar ta tsattsage. Wannan karon bai yi dariya ba. Na lura, wallahi na lura, amma na ɗauka sabon salon tsokana ne.

Malam ya ƙaraso ya tambayi abin da muke wa dariya, na ce ƙaninsa ne ke tsoron hanyar garinmu. Ya sa ƙafa ya bugi tayar, ya ce ga ta nan kamar dutse, a yi bismilla. Ƙanin ya sunkuyar da kai ya ce to, Yaya.

Al'adar masu inji a lokacin, mai shi a kan injin yake zama in ana jansa, wai yana lura da maɗauri. Malam ya hau ya zauna, ni ina gaba kusa da direba na gyara mayafi. Hanyar burji ce mai duwatsu, rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi. Ƙanin na tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ina ce masa jaki ma zai wuce mu, Malam kuma na ɗaga murya daga baya wai a ƙara wuta mu isa kafin azahar. Ya ƙara kaɗan. Muna cikin wata gangara da ke sauka cikin busasshen rafi sai na ji tau, kamar an harba bindiga a bayan kunnena, ashe tayar hagun nan ce ta fashe. Motar ta fara rawa, injin na jan gindinta dama da hagu, ƙarfen da aka soka a maɗaurin ya fita, ba kuma sarƙar da za ta riƙe. Kafin a taka birki injin ya kife a gefen hanya, Malam na ƙarƙashinsa daga gwiwa zuwa ƙasa.

Ban san yadda na fita daga motar ba. Na same shi kwance fuskarsa duk ƙasa, yana salati. Da ya gan ni abin da ya fara tambaya shi ne ko na ji ciwo, sannan ya ce in rufe kaina ga mutane nan tafe, ashe mayafi da ɗankwali duk sun faɗi. Manoma ne da ke girbi a gonakin kusa, Allah ya saka musu, suka zo da itatuwa suka ɗaga injin aka jawo shi. Ƙafar ba ta kallo ba ce. Ƙanin na tuƙi yana kuka wiwi kamar yaro har asibiti a Kazaure, daga nan aka tura mu Kano. Likita ya yi aikinsa, ya kira mu ya ce ƙashi ya daddatse, an haɗa abin da za a iya haɗawa, amma in jini bai koma tafin ƙafar ba, dole a yanke don a ceci sauran jiki.

Nan na zauna. Ni da tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa zama tabarma ɗaya da Malam a gaban mutane ba, sai ga ni a tsakiyar ɗakin marasa lafiya riƙe da yatsun ƙafarsa, kowa na kallo, ko a jikina. Sanyi ƙalau suke kamar ruwan randa. Ina murza su ina addu'a, shi kuma yana ce min in yi a hankali kada in ƙarasa abin da inji ya rage. A nan na gaya masa abin da ƙaninsa ya faɗa min a madafa, da yadda ya faɗa sau biyu. Ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce ashe ya reni ƙanin da ya fi tsoronsa a kan tsoron hanya, wannan kuwa shi ya shuka abinsa. Ya sa aka kira shi daga waje inda yake raɓe ya kasa shigowa, ya kama hannunsa ya ce daga yau duk abin da ya shafi mota da taya maganarsa ce a sama, in ya ga abu ya faɗa masa a ido, ba sai ya bi ta madafa ba. Ƙanin kuwa sai hawaye.

Wata safiya, bayan an fara maganar ranar da za a yanke shawara, na kama yatsun kamar kullum sai na ji ɗumi. Na ɗauka hannuna ne, na saki, na taɓa ƙarfen gado, na sake kamawa. Ɗumi ne. Na ce masa ya motsa, babban yatsan ya ɗan yi sama. Jama'a, guɗa na rangaɗa a tsakiyar asibiti, har wata ma'aikaciya ta zo ta ce Hajiya nan ba gidan biki ba ne. Na ce mata yau kam gidan biki ne. Malam ya dawo gida da ƙafarsa, ta ɗan gajarce, yana ɗingishi da sanda, yana cewa sandar ta ƙara masa kwarjini a masallaci. Geron Inna kuwa mata suka sussuke shi a turmi kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni.

Masu zuwa dubiya sun yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ku da kuke jan inji ko tirela a bayan mota, ku ji daga bakin wadda ta gani. Taya tana tsufa a tsaye ko ba ta taka hanya ba, kuma bugu da ƙafa ba dubawa ba ne. Ku tsuguna ku dubi gefenta, in kun ga tsaga ku canza, komai kyan zanenta. A gwada iska wurin mai faci, a ɗaure notina, a tabbatar safaya na da ciki, a sa sarƙa bayan ƙarfen maɗauri. In za a ajiye inji ya daɗe, a ɗage shi a kan duwatsu a rufe tayoyin. Ɗan Adam kuma kada ya hau abin da ake ja, ko shi ne mai shi. Ku manya, ku bar wa na ƙasa da ku ƙofar da za su faɗa muku gaskiya kai tsaye, don girmamawar da ta hana a ce maka tayarka ta lalace ba za ta ɗaga maka inji daga kan ƙafa ba.

Malam ya yi shekaru masu yawa bayan nan yana sana'arsa, wani ciwo daban ne ya zama ajalinsa, kuma da ƙafafunsa biyu aka kai shi makwanci, Allah ya haskaka masa. Inna ta riga shi. Manoman da suka ɗaga injin, da na aika a tambaya, an ce saura mutum ɗaya, shi ma ba ya fita. Sai ni, sai ƙanin Malam, wanda ido ya hana shi tuƙi. Duk Juma'a bayan an sauko yana lallaɓowa mu zauna a zaure, ya ce na tsufa, in ce ya riga ni, sannan mu ɗaga hannu mu yi wa yayansa addu'a tare.