Hamma Mai Madubi da Ruwan da Ba a Gani

Hamma mutumin Dabai ne, kuma tun yana saurayi aka san shi da ƙin noma da iya baki. Da Turawa suka kafa bariki a Zuru, suka nemi mai ƙarfin wuya da zai riƙa kai musu kaya kan dutse, shi ya fara miƙa kansa, don ya ji an ce hawa ɗaya ne da safe, sauran yinin zama ne.

Kayan kuwa madubi ne mai ƙafa uku. Akan kafa shi a ƙwanƙolin dutse, a tari hasken rana, a riƙa ƙyafta shi zuwa wani tsauni can wajen Ribah, inda wasu sojoji ke zaune da irinsa. Ƙyaftawar nan, doguwa da gajera, ita ce maganar. Wani soja, Saje Muntaka, shi ne mai ƙyaftawa. Hamma dai ya kai, ya sauke, ya nemi inuwa.

Daga inuwar nan ya lura da wani abu. Yawancin ranaku amsar Ribah kan zo tar kamar tauraro. Amma da damina, ko gari ya waye garau, wata rana sai hasken ya yi ja, ya dushe, ya ɓace. Kuma duk ranar da haka ta faru, sai ya tarar gishirin da yake ƙullewa a aljihu don cin gasasshen rogo ya yi laima ya dunƙule.

Ya ce wa Saje, "Ruwa na cikin iska, Saje. Rana ka jawo shi daga ƙasa, shina rataye ba a ganinai. Nan kusa ba shi komi, amma daga nan zuwa Ribah kurɓa-kurɓa shika yi wa hasken har shi shanye shi."

Saje ya ce, "Iska ta sha haske? Kai dai kwana kaka so."

"Ina son kwana, Saje. Amma shi gishiri mi ya haɗa shi da kwana?"

Ana nan aka kawo wani sabon Bature, wanda mutanen bariki suka sa wa Jan Kunne. Zai fita rangadi, yana son a aiko masa da 'yan dako ashirin daga Ribah. Ranar an kwana biyu ana ruwa, rana ta fito fes. Hamma ya taɓa aljihu ya ce yau hawa asarar gwiwa ce. Da tafinta ya fassara, Jan Kunne ya ce madubin na Sarkin Ingila ne, ba ya karɓar umarni daga gishirin miya.

Hamma ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ita iskar ba ta san Sarkin Ingila ba."

Tafinta, da yake yana son aikinsa, ya ce wa Bature, "Ya ce a shirye yake."

Suka hau, har da Jan Kunne. Tun hantsi Saje ke ƙyafce har azahar, ba amsa. Gumi ya jiƙe Bature sharkaf. Hamma ya raɗa wa Saje, "Ce mai shi koma ƙasa, ƙara ma iskar ruwa shika yi."

Can Ribah kuwa, abin da ya tsira daga saƙon kalma uku ne: aiko, ashirin, maza. Kofur Lawwali, babban sojojin can, ya yi ta tunanin me Bature zai nema har ashirin da gaggawa haka. Kwana biyu bayan nan, Jan Kunne na tsaye gaban kayansa a ɗaure, sai ga mutum ɗaya da jaki, ya sauke kaji ashirin.

Rangadi ya sha ruwa, sojoji suka sha romo. Bature bai taɓa cewa Hamma ya yi gaskiya ba, amma kullum da safe sai ya aiki kukunsa ya je ya ji lafiyar aljihun Hamma; in gishiri ya yi laima, ranar ba hawa.

Nan fa Hamma ya samu gona. Gishiri ya koyi yin laima ranar kasuwa, da ranar da aka yi suna a Dabai, da duk ranar da ƙafa ta yi nauyi. Da ya tsaya a damina da ya tsufa a aikin. Amma a tsakiyar rani, leɓe na tsagewa don bushewa, Saje ya kama shi bayan ɗakin ajiya yana tofa wa ƙullin gishirin yawu.

"Wannan fa?"

Hamma ya share baki ya ce, "Ai shi ma ruwa ne, Saje."

A ranar aka sallame shi. Matarsa Asama'u ta ɗauko fartanya ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ya yi noma shekara talatin da wani abu, bai taɓa yinsa da kyau ba. Maƙwabta kan ce gonarsa ce kaɗai a Dabai da ciyawa ta fi dawa tsawo, shi kuwa ya ce ai ciyayin ma bayin Allah ne, ba shi ya shuka su ba, ba shi da hurumin korarsu.