Wa ya ga tautau ɗin?

Assalamu alaikum. Rabona da rubutu a nan tun kafin azumi. Masu tambaya, ga amsarku: ina raye, amma idona na hagu ya tafi. Wannan ma ƙanwata Bilki ce ke buga mini ina faɗa.

Da raɗaɗi ya fara a goshi, kamar an ɗora garwashi. Sai ƙuraje masu ruwa suka feso daga gira zuwa cikin gashi, gefe ɗaya kawai.

Maƙwabciyata Hajiya Ladi ta leƙo ta ce, "Tautau ne ya yi miki fitsari, Malama. Haka ya yi wa Sanina, farar ƙasa muka shafa, ya baje."

Ni ma aka shafa mini. Surukata ta aiko da ƙullin garin magani daga Ɗanzomo. A ɗakin malamai kowa da ɗan'uwansa da tautau ya bi ta kansa ya warke. Na ce a kai ni asibiti, maigidan ya ce, "Asibiti a kan gizo-gizo? Bari ranar kasuwar Maigatari, akwai wani mai magani ɗan Damagaram, shafawa ɗaya yake yi."

Sai da idon ya kumbura ya rufe aka sa ni a adaidaita. Daga Gumel aka tura mu Kano.

Likitan ido ya ɗiga magani, ya haska, ya daɗe yana dubawa. Ya juya ga maigidan.

"Alhaji, wa ya ga tautau ɗin?"

Sai ya ƙara da cewa:

"Kullum ana kawo mini aikinsa, ba a taɓa kawo mini shi ba. Ƙwayar ƙarambau ce da ta yi tana yarinya. Kwanciya take yi a jijiya, yanzu ta farka. Tana da magani, amma a kwanakin farko yake da ƙarfi."

Na ce, "Likita, zan sake karatu da shi?"

Ya ce, "Mu kula da na daman."

Ragon layyarmu ya tafi a ƙwayoyi, maganin ɗigawa da kuɗin mota. Ƙurajen sun bushe. Raɗaɗin bai tafi ba, ko gefen ɗankwali ya taɓa wurin sai na ciji leɓe. Shafi biyu nake yi na daman ya fara hawaye. Littattafaina Bilki ta zuba su a buhu don in daina kallonsu.

Da muka dawo Hajiya Ladi ta shigo gaisuwa, ta dubi goshina ta tafa hannu.

"Ba na faɗa miki ba? Ga shi ya baje!"

Na gode wa Allah da ya bar mini ɗaya. Na gode wa Bilki, da wata nas a Kano da ba ta yi mini tsawa ba.

Ƙuraje masu zafi a gefe ɗaya na fuska, ku tafi asibiti a ranar. Duk wanda ya ce gizo-gizo ne, ku ce ya nuna muku shi.

Na san maƙwabta za ku fara tambaya. Kuma cikin waɗanda za a lissafa muku farar ƙasa ta warkar, yanzu har da ni.