Liƙi a Rawar Makoki

Matan likitoci sun ɓata mini rawar malamata, kuma har yau ban yafe ba.

Ni shara ce ta kawo ni Riyad, a wani gidan motsa jiki na mata zalla. Karatu ma sai da na haura arba'in na koya, a ajin manya. A gidan motsa jikin na haɗu da malamar, wata nas 'yar tsibirin Hawai mai koyar da rawar garinsu, hula. Gorar duma take bugawa a ƙasa, kamar kiɗan ƙwarya, hannu kuma shi ke ba da labari: ga ruwan sama, ga teku, ga wanda ya tafi. Na daɗe ina kwaikwayonta da tsintsiya a hannu kafin ta ce in ajiye tsintsiyar in shiga layi. Da kwantiraginta ya ƙare ta bar mini gorar da ɗalibanta. Bara aka aiko cewa ta rasu.

Wurin rawa shi ne wuyar. Zauren da muke amfani da shi yana cikin rukunin gidajen likitoci, wata Hajiya matar babban likita ce ta samo mana makulli. Daga ba da makulli ta naɗa kanta shugabar kwamiti. Wata shida tana zuwa aji, har yanzu in an ce ta nuna teku sai ka ɗauka tuwo take tuƙawa.

Duk shekara muna taro. Mata da yara su zo, a dafa abinci, a zauna a zura farin fure a zare a rataya wa juna. Na bana na ce na malama ne, za mu yi rawar da ta koya mana ta tuna mamaci. A hankali ake yin ta, ba takalmi, ba tafi, in an gama a yi shiru. Sau uku na faɗa, da Hausa, da Larabcina na kasuwa, wata ɗaliba ta juya da Turanci.

Hajiya ta ce, "Malama, ba za a fitar da anko ba?"

Na ce, "Hajiya, ba biki ba ne."

Ranar taron, bayan la'asar na zauna na fara buga gora. A gaban layi akwai wata nas 'yar Filifin, tsohuwar ƙawar malama, tana rawa hawaye na zubo mata. Masu rawa sun kai inda hannu ke nuna kwalekwale yana nisa sai na ji guɗa. Hajiya ce, ta tako kan tabarma da takalmi mai tsini, jaka a buɗe. Ta manna wa 'yar Filifin ɗin riyal a goshi, ya faɗi, ta sa wani ta danne da babban yatsa. Baiwar Allah ta tsaya cak, ba ta san me ake yi mata ba. Ƙawayen Hajiya suka biyo layi, masu digiri biyu-biyu, kowa waya a sama tana ɗaukar kanta. Wata har da juya ƙugu.

Na ɗora tafin hannuna a kan gorar. Kiɗa ya mutu.

Hajiya ta juyo ta ce, "Haba Malama, ci gaba mana. Karramawa ce."

"In kin je ta'aziyya, liƙi kike yi wa masu kuka?"

"Wace irin ta'aziyya da rawa? Mu dai a wurinmu, in an taka sai a yi liƙi."

"To wannan ba a wurinku aka taka ba."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sassauta murya yadda kowa zai ji. "Ki dai tuna zauren wa kike ciki. Da ba don mu ba da tsintsiya ce a hannunki har yanzu. Baɗi za a sa kiɗa mai zafi, kuma za a yi anko."

Tsintsiyar ba ta ba ni kunya. Da ita na tattara riyal ɗinsu bayan sun watse, na zuba a leda tare da furannin da suka tattake. Na san babu wani zaure da za a ba mace irina a garin nan. Falon 'yar Filifin ɗin ba zai ɗauki fiye da mutum takwas ba, shi ma sai an fitar da kujeru. Amma malama gora ta bar mini, ba zaure ba.

Washegari da safe na yagi takarda na rubuta da hannuna, baƙaƙe manya-manya kamar na 'yan aji ɗaya: "Ga makullinki, ga liƙinki." Na jefa makullin a ledar, na miƙa wa mai gadin ƙofar su Hajiya, na rungumi gorata na tari tasi zuwa gidan 'yar Filifin, mu fara fitar da kujeru.